Yadda nake bambance kayan tarihin Masar da kwaikwayon Rumawa

Idan ka shiga birnin Rum, ka fara da dogayen ginshiƙan dutsen nan masu tsini, wato obelis. Tsofaffinsu 13 ne a garin, amma 8 kaɗai aikin zamanin Fir'aunoni ne. Sauran Rumawa ne suka sa aka yi musu, don tun da Agustus, wanda ya zama sarkin Rum na farko, ya ci Masar a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa, yayin kayan Masar ya kama manyan gari.

Ni rubutun jiki nake fara dubawa. Tsaya gindin wanda ke Dandalin Popolo, wanda Agustus ya kawo daga birnin Heliyofolis na Masar a shekara ta 10 kafin haihuwar Annabi Isa. Kalli tsuntsayen da aka sassaƙa: yanka mai zurfi, baki tsaf, kowace mujiya ta zauna daram. Daga nan ka taka zuwa na saman matakalar Sifaniya, tafiyar 'yan mintuna ce. Rubutun na Popolo aka kwafa a jikinsa, amma da gani ka san mai sassaƙar bai iya karanta abin da yake kwafa ba. Zanen bai nutsa ba, tsuntsayen sun yi laƙwas. Ni dai dariya yake ba ni, ya zama kamar allon yaron da ya rubuta abin da ba a biya masa ba.

Gumaka kuma, tsayuwa za ka duba. Na Masar yana tsaye ƙiƙam, ƙafar hagu a gaba, hannuwa manne da cinya. A gidan tarihin Batikan akwai gunkin Antinus, saurayin da ya nutse a Kogin Nilu a shekara ta 130 bayan haihuwar Annabi Isa, wanda aka samo a gidan Sarki Hadiriyan na Tiboli. Lulluɓin kansa da bantensa na Fir'auna ne, sai dai farin marmara ne, ga ƙirji cike da tsoka irin na 'yan kokawar Girka. Wannan Barume ne cikin kayan aro.

In ka ga mace an ƙulle mata mayafi a tsakiyar ƙirji, tana riƙe da caki na ƙarfe da ɗan guga, Isis ce, abar bautar Misirawa, amma irin ta Rumawa.

Kar ka bar garin ba ka leƙa dalar Sestiyus ba. Tsayinta wajen mita 36, ta fi na Giza tsini nesa ba kusa ba, kuma rubutun jikinta ya ce cikin kwana 330 aka gama ta.