Shawara ga masu kula da wuraren wasan yara a Kano

Assalamu alaikum. Ga duk mai hannu a kula da lambun shaƙatawa na unguwa, shawarata ita ce ya ware safiya guda a kowane mako, kafin yara su iso, ya bi kayan wasan ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga su da hannunsa, domin ido kaɗai ba ya gano notin da ya kwance.

Lilo ya fi komai buƙatar lura. A duba zoben da sarƙa ke rataye a jikinsa daga sama, saboda nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe a hankali, musamman bayan hunturu, lokacin da ƙura ta busar da giris. Na taɓa ganin zoben da ya sirance har ya kusa zama kamar waya, alhali fentin lilon yana ta sheƙi. Idan aka ga haka, a ɗaure lilon a kira mai walda a ranar.

Ƙasan lilo kuma, inda ƙafafun yara ke haƙa rami, a riƙa cike shi da yashi mai laushi har kaurinsa ya kai kimanin santimita 30, don ya tare faɗuwa, kuma kada ruwan damina ya kwanta sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Abin zamewa na ƙarfe yana iya ƙona fatar yaro a zafin Afrilu, saboda haka gara a kafa shi a inuwar darbejiya.

A ninka wannan dubawa mako guda kafin Sallah.