Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sauke Manhaja a Waya, da Yadda Ake Gyara Su

Tun daga 2008, shekarar da Apple ya buɗe App Store, Google kuma ya buɗe kasuwar da daga baya ta koma Google Play, manhaja ba ta shiga wayar yawancin mutane sai ta ƙofar da kamfani ke gadi. Kamfanin yana tantancewa yana korar ɓata-gari, a madadin haka kuma yana yankar kasonsa, wanda yakan kai 30 cikin 100 na kuɗin da aka biya, sannan shi ke da ikon cewa wannan ta shiga, waccan ta fita. Kurakuran da na gaji da maimaita gyaransu duk daga rashin fahimtar wannan ciniki suke fitowa.

Na farko shi ne zaton cewa duk abin da ke cikin kantin manhajoji amintacce ne. Tantancewar tana rage haɗari ƙwarai, amma ba ta kawar da shi. A 2015 an gano wata cutar kwamfuta da aka kira XcodeGhost a cikin manhajojin App Store da dama, har da manhajar saƙonni ta WeChat, saboda masu ƙera su a ƙasar Sin sun yi aiki da jabun kayan aiki. A 2024 wata jabar manhaja mai suna LassPass ta tsallake tantancewar Apple tana kwaikwayon LastPass, wadda mutane ke ajiye kalmomin sirrinsu a ciki. Ni ba na neman manhajar banki ta akwatin bincike, domin abin da ke fitowa a sama yakan zama talla ne. Ina shiga shafin bankin na bi mahaɗin da shi da kansa ya sanya, sannan na duba sunan mawallafin kafin na sauke.

Na biyu shi ne wanda ya ci mini kuɗi, kuma har yanzu yana ƙona mini rai. Na taɓa karɓar gwajin kyauta na wata manhajar gyaran hoto, ban ji daɗinta ba, na goge ta, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe goge manhaja ba ya soke rajistar biyan kuɗi, saboda rajistar tana cikin asusun kantin ne, ba cikin manhajar ba. Aka yi ta zarar kuɗi daga katina ban ankara ba, sai da na zauna da bayanan banki na gano. Abin takaici shi ne irin wannan manhaja ba lallai ta karya wata doka ta kantin ba: ta rubuta farashinta da ƙananan haruffa, kai kuma ka danna ka amince, kantin da ake cewa yana kare ka kuwa yana da kaso a cikin kowane cirewa. Yanzu duk gwajin da na karɓa, a take nake shiga jerin rajistocin asusuna na soke shi, tunda galibi gwajin yana ci gaba har ƙarshen wa'adinsa. Ina kuma sake duba jerin a farkon kowane wata.

Sai masu girka duk fayil ɗin APK da aka turo musu, wato fayil ɗin girka manhajar Android ba ta hanyar kanti ba, kuma a nan ba ni da sassauci. Android ya bar wannan ƙofa a buɗe, kuma ’yanci ne mai amfani ga wanda ya san tushen abin da yake saukewa. Amma mutum ya ga an ce ga WhatsApp mai ƙarin siffofi, ko manhajar kuɗi da aka fasa ta zama kyauta, ya girka a wayar da bankinsa ke aiko masa da lambar tabbatarwa, wannan ganganci ne. WhatsApp yana dakatar da asusun masu amfani da irin waɗannan kwafi, kuma wannan shi ne mafi sauƙin abin da zai same ka. Idan manhajar ta nemi izinin da aka tanada domin masu buƙata ta musamman, ka ba ta, to tana iya karanta abin da ke fuskar wayarka ta kuma danna maɓallai a madadinka. Ta nan ɓarayin asusun banki kan shiga.

Ƙananan kurakuran ba su buƙatar dogon bayani. Manhajar tocila ba ta da hurumin ganin lambobin mutanenka. Kada ka jinkirta sabuntawa, domin a cikinta ake toshe kafofin kutse.

Akwai kuma ɗaukar cewa abin da ka sauke ya zama mallakinka. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN, waɗanda ake buɗe shafukan da aka toshe da su, daga kantinsa na Sin bisa dokar ƙasar, a 2020 kuma Apple da Google suka fitar da wasan Fortnite saboda rikicin kaso da kamfanin Epic Games. Mai Android ya iya samo wasan ta wata hanya, mai iPhone kuwa bai iya ba. Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple barin wasu kantuna su yi aiki a iPhone daga 2024, sai dai dokar ba ta shafi wanda ke wajen yankin ba. Saboda haka ba na zuba rubuce-rubucena ko hotunana a manhajar da ba ta ba ni hanyar kwashe su zuwa kwamfuta, kuma ina gwada wannan hanyar tun kafin na biya ko sisi.