Cire ƙarin mahaifa ta ƙaramin huji: yadda za a yi shi lafiya

Ƙarin mahaifa, wanda likitoci a Maraɗi ke kira fibrom, tsiro ne daga naman mahaifar kanta, kuma kusan kullum ba ciwon daji ba ne. Wanda ba ya sa zubar jini, ciwo ko matsalar haihuwa, akan bar shi ana sa masa ido. Idan kuwa ya kai ga aikin tiyata, mata da yawa sun fi son a yi musu ta ƙaramin huji, kuma da gaskiyarsu: jiki na warwarewa cikin mako 2 zuwa 4, maimakon 4 zuwa 6 na yankan ciki. Sai dai lafiyar aikin ta fi rataya a kan wane irin ƙari ne, wane hannu ne zai yi, da yadda kika shirya.

Fara da ekografi, wato hoton cikin ciki da ake ɗauka da na'ura, ki nemi a rubuta miki abu uku: yawan ƙarin, girman kowanne da santimita, da inda yake zaune. Wurin zaman shi ne ke zaɓar hanya. Wanda ya leƙo cikin kogon mahaifa, bai wuce santimita 4 ko 5 ba, ana bi ta gaba da siririyar kyamara a kankare shi, babu yanka ko kaɗan. A nan abin tsoro ruwan da ake buɗa mahaifa da shi ne, domin yana shiga jijiyoyin jini. Dole wani ya riƙa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fito. Idan giɓin ya kai mililita 2,500 na ruwan gishiri, ko 1,000 na ruwan da ba shi da gishiri, sai a tsaya, a ƙarasa wata rana. Likitan da ya ce miki sai an yi zama biyu, lafiyarki yake dubawa.

Wanda ke cikin bangon mahaifa ko a bayanta kuwa, ana huda ciki wuri 3 ko 4, kowane huji milimita 5 zuwa 12, a hura iskar kabon don a ga ciki sosai, a ɓare ƙarin, a ɗinke mahaifa hawa-hawa. Ɗinkin nan shi ne wuyar aikin, don shi zai riƙe cikin da za ki ɗauka nan gaba. Mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ƙari ya haura cibiya ko ya yi yawa. A irin wannan hali buɗe ciki ya fi aminci, kuma ba ci baya ba ne. Ki tambayi likita kai tsaye ko yana yin wannan aiki a kai a kai, ko akwai jini a ajiye, da kuma ko zai iya buɗe ciki nan take idan jini ya ɓalle. Ki sa hannu a takardar yarda bayan kin ji amsa, da mai gida ko wata 'yar'uwa a wurin.

Sai batun fitar da ƙarin. Babban ƙari ba ya bi ta ƙaramin huji sai an daddatsa shi. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan injin daddatsawa, saboda wani lokaci, ko da yake da wuya, ciwon daji kan ɓuya a cikin abin da ake zaton fibrom ne, injin kuma ya watsa shi a ciki. Don haka a daddatsa cikin jakar da aka yi don haka, a kuma aika naman ɗakin gwaji. Wadda ta daina al'ada amma ƙari na ƙara girma, kada a daddatsa nata.

Kafin ranar aiki, a auna jini. Idan gwajin yawan jini ya nuna ƙasa da giram 12, ƙarancin jini ne, kuma da yawa daga masu fibrom da shi suke zuwa. Ki sha ƙwayar ƙarin jini na wasu makonni, kada ki haɗa ta da shayi don yana hana ta shiga jiki, ki ƙara da hanta, wake da zogale. A gwada zazzaɓin cizon sauro da juna biyu. Ki faɗi duk abin da kike sha, har asfirin da jiƙe-jiƙen gargajiya, ki kuma ambaci hawan jini, ciwon suga ko sikila. Abinci ya tsaya awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2.

Bayan aiki, ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu daga iskar ne, zai wuce. Ki tashi ki taka tun ranar farko don kada jini ya daskare a ƙafa. Abin da ake tsoro shi ne ƙuna ko huji a hanji ko bututun fitsari, wanda kan ɓoye sai bayan kwanaki ya bayyana. Shi ya sa wadda ta zo daga Dakoro, Mayahi ko Tasawa ya kamata ta zauna cikin garin Maraɗi mako guda. Zazzaɓin da ya kai 38, ciwon ciki mai ƙaruwa, kumburi da amai, jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, duk a koma asibiti a daren, ba a jira safiya ba. Daka, jan guga da ɗaukar kaya su jira har likita ya ba da izini.

Ɗaukar ciki ya dakata wata 3 zuwa 6. Ki karɓi takardar bayanin aikin ki adana, ki nuna ta tun awon farko, domin idan yankan ya yi zurfi tabon na iya yagewa lokacin naƙuda, kuma ita za ta sa a tsara miki tiyata tun da wuri. Haihuwar ta kasance a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini.