Yadda ake sassaƙa kifin yaudara na katako don fatsa

Kifi mai farauta motsi yake bi, ba kyawun fenti ba. Da ya hango ɗan kifi yana tangaɗi kamar mai rauni, sai ya kai cafka. Abin da Lauri Rapala, masuncin nan na ƙasar Finlan, ya lura da shi ke nan har ya sassaƙa nasa kifin yaudarar da ɓawon itace a 1936. Saboda haka ƙarfin aikinka ya tafi wajen daidaita nauyi da leɓe, wato ɗan fallen roba da ake sakawa a ƙasan hanci don ya sa kifin nutso da rawa.

Nemi busasshen katako mara nauyi. Balsa ta fi kowanne rawa a ruwa, ga daɗin yanka, sai dai haƙorin kifi na saurin cin ta. Katakon sida (cedar) ya fi ta nauyi da juriya. Idan kifi mai tsawon santimita 8 kake so, yanko falle biyu, kowanne kaurin milimita 7, jijiyar katakon ta bi tsawonsa. Manna su da ɗigon gam biyu kacal, don za ka sake raba su. Mahaɗar nan ita ce layin tsakiyarka, kuma ba za ta yi maka ƙarya ba.

Zana siffar kifin a gefe, ka yanke da ƙaramin zarto. Tun katakon yana da kusurwoyinsa, kafin wuƙa ta taɓa shi, tsaga gurbin leɓe a ƙasan hanci, a karkace kamar digiri 45. Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa: sai sun gama mulmula jikin su zo tsagawa, zarto ya zame, gurbin ya kauce gefe ɗaya, daga nan kifin ba zai taɓa tafiya a miƙe ba. Bayan haka fere da wuƙa, ka goge da samfefa mai lamba 120, sannan 240, kana yi kana duba shi ta gaba don kada wani kunci ya fi wani.

Raba fallen biyu. Lanƙwasa waya guda ɗaya mara tsatsa, mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, ta ba da madauki uku: na hanci inda za a ɗaura zare, na ciki, da na wutsiya. Kwarzane mata hanya a jikin katakon ta kwanta. Amfaninta shi ne ko babban kifi ya farfasa katakon, yana nan maƙale a waya. Ƙusa mai zare a jikin balsa kuwa, fizga ɗaya ta fice.

Sai nauyi. Haɗa fallen da tef, saka leɓen, rataya zobba da ƙugiyoyi biyu masu baki uku, lamba 6, ka liƙa dalma kamar giram 3 a ƙasan ciki, tsakanin leɓe da ƙugiyar ciki. Jefa shi a bokitin ruwa na ɗan lokaci. So ake ya zauna daram, gadon bayansa kawai a waje, hanci ya ɗan sunkuya. In ya kwanta a gefe, dalmar ta yi kaɗan ko ta yi sama. In ya nutse, rage. Kada ka gwada ba ƙugiyoyi, su ma nauyi ne. Da ya zauna, bari ya bushe sarai, ka fafe wa dalmar gurbi kusa da fatar ciki, ka manne komai da gam ɗin efoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa. Dalma guba ce, wanke hannu bayan ka taɓa ta.

Leɓen a yanke shi daga roba mai tauri irin ta polikabonet, kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Dogo wanda ya kusa miƙewa da jiki yana nutsawa ƙasa sosai, gajere mai kallon ƙasa yana yawo kusa da saman ruwa. Faɗi kuma yana ƙara girman rawa.

Shafe jikin duka da gam mai ruwa-ruwa sau biyu don toshe ƙofofin katakon, in ba haka ba ya sha ruwa, ya kumbura, fenti ya tsage. Kai shi ruwa ka ja shi tun bai ga fenti ba. Idan yana gudu hagu, sa filaya ka karkata madaukin hanci dama, kaɗan-kaɗan, kamar kaurin gashi, ka sake ja. Idan yana juyi kamar farfela, leɓen ya yi masa girma ko nauyin ciki bai isa ba.

Fenti ba ya son dogon bayani: farin ciki, baya mai duhu, ido babba. Rufe da efoksi mai bushewa a minti 30, ruwan biyu daidai wa daida, a gauraya a hankali don gudun kumfa. Mai minti 5 yana rikiɗa ya yi rawaya. Riƙa juya kifin a hannu har ya daina kwarara, domin in ka rataye shi nan take, duk zai gangaro wutsiya ya ɓata ma'aunin da ka sha wahalar samu. Ba shi awa 24, ka kankare abin da ya toshe madaukai, sannan ka mayar da ƙugiyoyi.