Yadda dattijo a Birtaniya zai karɓi kuɗin ɗumama gida da katin shiga bas kyauta

Abubuwa biyu ne kusan kowane ɗan fansho a Birtaniya yake da haƙƙi a kansu: kuɗin ɗumama gida na lokacin sanyi, wanda hukuma ke kira Winter Fuel Payment, da katin shiga motar bas ba tare da biyan ko kwabo ba. Na farkon yawanci da kansa yake faɗawa asusun banki. Na biyun kuwa, ko shekara ɗari mutum ya yi, in bai nema ba babu mai aiko masa. Bayanin nan na dattawan da ke zaune a can ne, da 'ya'ya da jikokin da ke riƙe musu takardu.

Fara da ranar haihuwa da takardar zama

Ana yanke wa ya cancanta ne da mako guda a cikin Satumba. A sanyin 2025 zuwa 2026 makon ya kama daga 15 zuwa 21 ga Satumba 2025, kuma wanda aka haifa kafin 22 ga Satumba 1959 shi ya shiga. Kowace shekara ranar tana matsawa, don haka ka duba ta bana a shafin gwamnati na intanet. Ranar da ke cikin takardun hukuma ita ce abin lissafi, ko da Baba ya rantse cewa ya girmi abin da aka rubuta a fasfonsa.

Sai batun takardar zama, kuma a nan ne mutanenmu suka fi buƙatar hankali. Idan an kawo Hajiya ne da bizar ziyara, ko izinin zamanta ya ce ba ta da damar cin tallafin gwamnati, to kuɗin nan ba nata ba ne. Kada a cika mata fom da sunan gwada sa'a, domin karɓar irin wannan tallafi na iya ɓata mata neman biza nan gaba. Haka wanda ya yi ritaya ya tattara ya koma Kano ko Zariya da zama: fanshonsa na iya bin sa, amma kuɗin ɗumama gida ba ya tsallaka teku zuwa Najeriya. Wanda ya shafe wancan makon na Satumba gaba ɗaya a kurkuku ma ba ya ciki.

Ka san abin da ya kamata ya shigo

Kuɗin na gida ne, ba na kai ba. Fam 200 ne idan dattijon bai kai shekara 80 ba, fam 300 idan ya kai. Miji da mata da suka cancanta kuma ba sa karɓar tallafin masu ƙaramin ƙarfi, raba musu ake yi: fam 100 kowanne in duka ba su kai 80 ba, fam 150 kowanne in duka sun kai. Ba a cire haraji a ciki, kuma ba ya rage wani tallafin da mutum yake karɓa. Babu mai tambayar rasit. Ko gas aka biya da shi ko bargo aka saya, ruwan mai shi.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Gordon Brown ne ya ƙirƙiro tallafin a 1997 yana ministan kuɗi, kuma shekara da shekaru kowane ɗan fansho yana samu. A Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta taƙaita shi ga masu karɓar Pension Credit, wato cikon da ake ba 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi, da makamantansa, mutum kusan miliyan goma suka rasa a sanyin shekarar. Kukan da aka yi ya sa gwamnati ta janye a Yunin 2025. Saboda haka dattijon da bai ga komai ba a 2024 kada ya ɗauka an cire shi har abada.

Sabuwar ƙa'idar ita ce fam 35,000 a shekara. Wanda kuɗin shigarsa bai wuce haka ba ya riƙe abinsa. Wanda ya wuce, za a biya shi, sannan hukumar haraji ta HMRC ta karɓe ta hanyar harajinsa. Lissafin na mutum ɗaya ne: in Alhaji ya haura iyakar amma Hajiya ba ta kai ba, rabonsa kawai za a karɓe. Mai ganin cewa ba da kuɗi a karɓe wahala ce kawai yana iya sanar da hukuma cewa ba ya so, amma sai kafin wa'adin da ake sawa a Satumba.

Jira wasiƙa, sannan duba banki

Mai karɓar fanshon gwamnati ba ya buƙatar cika komai. Ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, tana aiko wasiƙa a Oktoba ko Nuwamba da adadin da za a biya, kuɗin kuma su shiga a Nuwamba ko Disamba cikin asusun da fansho ke shiga. A bayanan banki za ka ga lambar inshorar ƙasa, wato National Insurance number, ta mai kuɗin, sai haruffan DWP WFP.

Waɗanda sai sun nema su ne wanda bai taɓa karɓa ba kuma ba ya cin fansho ko wani tallafi, da wanda ya jinkirta karɓar fanshonsa. Ana nema ta waya ko ta fom da ake aikawa ta gidan waya. A tanadi lambar inshorar ƙasa da bayanan banki kafin a ɗaga waya. Ƙofa tana rufewa ranar 31 ga Maris. In Janairu ya yi nisa babu wasiƙa babu kuɗi, a kira cibiyar da ke biyan tallafin, kada a zauna ana cewa ai suna sane.

Duk saƙon tes da ya ce a latsa wani wuri a saka lambar kati don karɓar kuɗin sanyi, na 'yan damfara ne. Hukuma ba ta neman bayanan banki ta tes. A tura saƙon zuwa 7726, kyauta ne, sannan a goge.

A Scotland sunan daban ne, Pension Age Winter Heating Payment, kuma hukumar jin daɗin jama'a ta Scotland ce ke biya. A sanyin 2025 zuwa 2026 adadin ya kasance fam 203.40 da fam 305.10.

Kada a tsallake Pension Credit

A ganina wannan ya fi duk sauran muhimmanci ga mutanenmu, domin da yawa sun je Birtaniya ne da girmansu, ba su tara shekarun aikin da za su ba su cikakken fansho ba. Pension Credit ciko ne da ke ɗaga kuɗin shigar mako zuwa fam 227.10 ga mutum ɗaya, ko fam 346.60 ga ma'aurata, bisa ƙa'idar 2025 zuwa 2026. Ko fam kaɗan aka ba mutum, ya zama mabuɗi: yana buɗe hanyar samun fam 25 duk lokacin da sanyi ya kai sifili ko ƙasa kwana bakwai a jere tsakanin Nuwamba da Maris (ban da Scotland), da ragin fam 150 a kuɗin lantarki ga masu cancanta, da lasisin talabijin kyauta ga wanda ya kai 75. In an nemi Pension Credit, ana iya haɗa wa mutum da na wata ukun da suka wuce. Kunya ce ke hana wasu dattawan nema, suna ganin kamar bara ce. Ba bara ba ce, doka ce ta ba su.

Katin bas

Nan ba a tambayar kuɗin shiga, shekaru da wurin zama kawai. A Scotland da Wales da Ireland ta Arewa shekara 60 ne. A Ingila sai mutum ya kai shekarun fansho, wato 66, kuma daga Afrilun 2026 zuwa 2028 ana ɗaga su a hankali zuwa 67. Wanda aka haifa bayan 5 ga Maris 1961 sai ya cika 67.

A Ingila wajen ƙaramar hukuma ake nema. Ka saka lambar unguwa, wato postcode, a shafin gwamnati, zai kai ka ga hukumar da ta dace. Ana buƙatar hoto irin na fasfo, da shaidar shekaru, da shaidar adireshi ta kwanan nan kamar takardar harajin gida ko ta lantarki. Wannan ta ƙarshen ce ke tsayar da dattawan da ke zaune gidan 'ya'yansu, tunda duk takardun gida sunan ɗa suke ɗauke da shi. Wasiƙar fansho ko ta banki mai sunan dattijon da adireshin gidan galibi tana wadatarwa. A duba jerin da hukumar yankin ta amince da shi.

Katin Ingila mai hoton jan fure yana aiki a bas ɗin cikin gari ko'ina a Ingila, daga tara da rabi na safe zuwa sha ɗaya na dare a ranakun aiki, da kowane lokaci a Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mai ganin likita da sassafe zai biya, sai dai in hukumar yankinsa ta ƙara lokaci. Ba ya aiki a manyan motocin tafiya mai nisa irin na National Express, kuma galibi ba ya tsallakawa Wales ko Scotland. Na Scotland kuwa ba shi da ƙa'idar lokaci.

Mazauna Landan sun fi kowa morewa. Daga shekara 60 akwai katin Oyster na dattawa, wanda ake biyan kuɗin rajista, yana shigar da mutum bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta a cikin birnin. In shekarun fansho suka cika sai a koma wani katin mai suna Freedom Pass. Dukansu ba sa aiki da sassafe kafin ƙarfe tara a ranakun aiki.

Katin yana da wa'adi, a Ingila bai wuce shekara biyar ba, kuma ranar ƙarewarsa tana rubuce a jikinsa. In an sauya gida a sanar da hukumar da ta bayar, domin sabon katin tsohon adireshi za a aika shi.