Yadda na cire danƙon salatif daga jikin liyarin kakata

Liyari ne na azurfa, irin mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Austriya a gabansa da shekarar 1780 a bayansa. Na gaje shi wajen kakata a Daura. Wani ƙanena, da niyyar adana shi, ya liƙe shi da salatif a jikin kwali. Zafin bazara ya narkar da danƙon ya shige tsakanin haruffa.

Ruwan ɗumi da sabulu ba su yi komai ba. Makwabcina ya ce in sa toka da lemun tsami, na ƙi. Za su ci wannan duhun tsufa na azurfar, wanda shi ne darajarta wajen masu tara tsofaffin kuɗi, toka kuma ƙarzar ƙarfe take.

Asiton zalla ne ya yi aikin, wato sinadarin nan da ake sawa a ruwan goge jan farce. Amma na guji shi kansa ruwan goge jan farcen, don yawanci akwai mai da turare a ciki. Na zuba asiton a kofin gilashi (yana narkar da wasu robobi), na tsoma liyarin, na rufe da faranti tsawon minti 15. A tsakar gida na yi, nesa da murhu, saboda yana kama wuta. Danƙon ya yi laushi. Na riƙe liyarin ta gefe, na riƙa mirgina auduga a kai a hankali, ban goga ba. Wajen fukafukan gaggafar da ke bayan liyarin sai da na sake jiƙawa minti 10. Na ɗauraye da sabon asiton, na bar shi ya bushe da kansa.

Alhamdulillahi, ko ƙwarzane babu.