Darasi na Bakwai: Ina Yaronki Yake Kallo?

Kowace ta ɗauko littafinta da fensir. A sabon shafi ki ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. Gidan farko na kwanan wata ne. A kan na biyu rubuta "ya waiwayo", a kan na uku "ya dawo da ido". Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna ta zana ido kawai, ya wadatar.

Larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, takan nuna alama a inda yaro yake kai idonsa, alhali sau da yawa ganinsa lafiya lau. A 2013 wasu masu bincike a Amurka, Warren Jones da Ami Klin, sun bi kallon jarirai da na'ura. Sun gano cewa waɗanda daga baya aka tabbatar suna da larurar sun fara rage kallon idon mutane tun tsakanin wata 2 da wata 6.

Aiki na ɗaya

Yana cikin wasa, ki tsaya bayansa ki kira sunansa sau ɗaya. Ban da tafi, ban da biskit a hannu. Yawancin yara sukan waiwayo tun suna wata 9. In ya waiwayo, sa alama a gida na biyu.

Aiki na biyu

Nan ne ake faɗuwa, don haka mu bi a hankali. Zauna a tabarma, fuskarki daidai tasa. Nuna wani abu da yatsa, ki ce, "Kai, ga akuya!" Sai ki yi shiru. Idonki yana kan fuskar yaro, ba kan akuya ba. Yaron da ya kai shekara ɗaya da rabi yakan bi yatsa, ya ga akuyar, sannan ya dawo da idonsa kanki, kamar yana tambaya ko ke ma kin gani. Wannan dawowar ita muke nema.

Mu sake. Nuna. Yi shiru. Kalli fuskarsa. Ƙirga biyar a zuci. Ya dawo da ido? Sa alama a gida na uku. Kallon akuya kaɗai ba ya samun alama. In kin ruɗe ba komai, haka kowa ta fara. Gobe ki gwada da Keke Napep mai wucewa, amma dai ido a kan yaro.

Wata za ta ce, "Malama, ai kunya ce." Gaskiya ne mun taso ba ma haɗa ido da manya. Amma yaro mai kunya, ko ya ɓuya bayan zanen uwarsa, yakan saci kallon fuskarta.

To ku ji ni da kyau. Na gaji da ganin ana kama haɓar yaro ana juyo da shi da ƙarfi, ana "kalle ni!" Da yawa daga masu wannan larura haɗa ido takura ce a gare su. Ba taurin kai ba ne, kuma duka ba ya gyara shi. Ba allurar rigakafi ce ke kawo galahanga ba. Masu cike gida na uku a aji, da ka, ku ma ina ganinku. A lokacin gwajin za a rubuta: nuna, shiru, fuskarsa.

Aiki na uku

Lura ko yakan kawo miki abu don ki gani kawai, ba don ki buɗe masa ba. Rubuta i ko a'a.

Aiki na huɗu

Bayan mako biyu, in gida na uku fayau yake, wannan bai tabbatar da komai ba, likita ne zai faɗa. A fara auna jinsa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Sannan a ga likitan yara a Asibitin Barau Dikko, ko a je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. A tafi da littafin.